Shaidar Baba a Jikin Gawo

Greensboro, 12 ga Maris, 2006

Yaya Lamine,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta? Ina Zahara da yara? Ni lafiya lau, sai tsayuwar kanti a titin Wendover bayan na tashi daga koyarwa a lakwal, ita ma bayana ya fara sabawa. Kar Inna ta ji.

Satin nan ina koya wa ɗalibaina yadda ɗumamar duniya ke sa teku cin gari. Na kawo faranti da yashi da ruwa, na ce kowa ya zaɓi wurin gina gida. Na ba su dabarar Baba: a nemi inda babbar ambaliya ta tsaya, a yi gini sama da nan.

Sai wata ɗaliba da guguwar bara ta koro daga bakin teku ta ce, "Malama, haka kakata ta yi. A kan rufin gidan aka ɗauko mu."

Na ƙara ruwa a farantin, muka sake tunani tare.

Na ji ka haƙa harsashin ɗakin Inna daidai gawon bakin gulbi da Baba ya sara shaidar ambaliya a jikinsa. Don Allah ka matsa tudu. Baba, Allah ya jiƙansa, ruwan zamaninsa ya auna.

Ƙanwarka,
Kouloussoum