Sa Hannun da Ɗakin Haihuwar Ƙauyen Malam Idi Ya Jira

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan Hukumar Tsara Birane da Ba da Izinin Gini ta jiharmu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatan hukumarka kuna lafiya.

Sunana Mamuda Ɗanliti, mai zanen gine-gine. Ina zaune a Ulaisha, cikin Riyadh, ina aiki da wani kamfanin gini na nan. A gida kuma muna da ƙaramin kamfani ni da Hajiya Rakiya, wadda muka yi jami'a tare. Ita ke zuwa wurin gini, ni nake zane daga nan, ni kuma nake bin lasisinmu da rajistarmu a jihohi uku da muke aiki, don kada wa'adin wata ya ƙare ba mu sani ba. Ba da fushi na rubuto ba. Abin da muka nema mun samu, alhamdu lillahi. Yadda muka same shi ne nake so ya zo kunnenka.

Akwai wani direba a unguwar Al-Shifa, nan Riyadh, Malam Idi, ɗan jiharmu. Da daminar bara matarsa ta haihu can gida a bayan akori-kura, a hanyar asibitin ƙaramar hukuma, saboda ruwa ya cinye hanya. Ita da jaririyar sun rayu, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya bi 'yan ƙauyensu da ke nan, direbobi da leburori da masu gadi, suka haɗa kai a kan gina ɗakin haihuwa a ƙauyen. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tare ni, ya ce, "Injiniya, mu bulo muka sani, kai ka san takarda. Ka zana mana." Na zana.

Na farko, ranka ya daɗe, da Hajiya Rakiya ta kai zanen ofishinku, aka ce sai mun sabunta rajistar kamfani. Gaskiya ne, lokacinta ya yi, ba mu ja ba. Sai aka ƙara da cewa wanda ya sa hannu a zanen dole ya bayyana da ƙafarsa. Hukumomin jihohi biyu da ke maƙwabtaka da mu sun sabunta mana ba tare da haka ba. Hajiya ta kai musu takardun shaidata na asali, suka kira ni ta bidiyo, suka ga fuskata, suka yi tambayoyinsu, shi ke nan. Takardun nan dai su ne, mutumin nan dai ni ne.

Na biyu, ina so ka san abin da "zo da ƙafarka" ke nufi ga mai zama a nan. Ba mota mutum zai shiga ba. Sai kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, ya yarda, sai an fitar maka da bizar fita da dawowa, kuma tana da wa'adi. Wanda ya wuce shi ya jefa iƙamarsa, wato izinin zamansa, da aikinsa cikin matsala. Manajanmu bai so ba, domin muna tsakiyar aiki, amma da na ba shi labarin akori-kurar sai ya sake ni. Na iso ofishinku, aka ce jami'in da ke sa hannu ya tafi taro a Abuja, kuma ba a wakilta kowa ba. Kullum sai in zo in zauna a bencin da ke bakin ofishinsa har a tashi. Ma'aikatanku ba su wulaƙanta ni ba, har shayi suke miƙo mini. Sa hannun ne kawai ba nasu ba. Da wa'adin biza ya matso, na dawo Riyadh hannu wofi.

A lokacin an riga an buga bulo, wata daminar kuma ta ƙarato. Mutanen ƙauye suka ce a fara gini, wa zai zo daji ya duba? Na ƙi, domin gini ba izini yana iya cin lasisinmu a jihohin uku gaba ɗaya, kuma wata rana a rufe ɗakin alhali mata na ciki. Malam Idi ya ji haushina. Ya ce, "Injiniya, mai naƙuda ba ta san jami'i ya tafi taro ba." Mun ɗan jima gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na uku yabo ne. Da jami'in ya dawo, ma'aikata suka shaida masa zaman da na yi. Shi da kansa ya kira ni ta bidiyo, ya ba ni haƙuri, ya sa hannu a ranar. Mai duba ginin da kuka tura ya je har ƙauyen, ya ba da shawarar a ƙara ɗaga harsashi saboda ambaliya, muka bi, kuma ta yi amfani. An rufa kwano kafin ruwa ya sauka sosai. Yanzu ɗakin na aiki, ƙaramar hukuma ta tura ungozoma. Malam Idi ya kawo mini dabino har gida, muka sha gahawa, magana ta wuce.

Roƙona kaɗan ne. Tantancewa ta bidiyo da jami'inku ya yi a ƙarshe, a mayar da ita ƙa'ida ga 'yan jiha da ke waje. Idan mai sa hannu zai yi tafiya, a wakilta wani. Ka kuma zauna da takwarorinka na jihohin maƙwabta, ku daidaita abin da ake nema, don kada kamfani ɗaya ya riƙa amsa tambaya ɗaya ta hanyoyi uku.

Hutun da na ƙarar a bencin nan na mahaifiyata ne. Ta tsufa, shekara guda take jirana, kuma kallo kaɗan ta samu. Ba ta yi ƙorafi ba, sai addu'a ta yi wa ɗakin haihuwar. Rajistarmu za ta sake ƙarewa baɗi. Ina roƙon idan na zo, a ƙofar ɗakin mahaifiyata zan zauna, ba a bencin ofishinku ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da mashawarta nagari, ya sa ka gama lafiya, ya albarkaci zuri'arka.

Wassalam, naka mai fatan alheri,
Mamuda Ɗanliti,
Ulaisha, Riyadh.