Ƙarin da Baba Simeon Ya Yi Mini

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Na je Ikara na karɓo laftof ɗin kulob ɗin kwamfuta na makarantar da nake koyarwa. Baba Simeon ya sauya mata maɓallan da suka mutu, tsaf. Shi ya fara koya mini kwamfuta shekara goma sha biyar da suka wuce, har yau "ɗiyata" yake ce mini. Al'adarsa ce, ba ya sakin aiki sai ya ƙara wani abu kyauta. Yana miƙo jakar ya ce, "Na yi miki ɗan ƙari, sai kin je Makarfi za ki gani." Na durƙusa na yi godiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Na ga ƙarin. Innalillahi.

Tsari biyu ne a cikin kwamfutar nan: Windows na aikin makaranta, Linux na ɗalibaina 'yan kulob. Da an kunna, wani baƙin shafi ke fitowa, GRUB sunansa, ya tambayi wanda za a shiga. Ni na haɗa shi da hannuna. Yau a gaban 'yan mata tara na kunna, ta zarce Windows kai tsaye. Baba ya ɗauka shafin ciwo ne, ya yi mini maganinsa.

Manhajar koyon lissafi da Hausa da suka yi wata uku suna rubutawa tana ɓangaren Linux. Ranar Asabar za su nuna ta a gasar makarantu a Kudan. Kwafi kuwa... ni da nake musu wa'azin kwafi kullum, ban ajiye ba.

Na ce musu ƙaramin abu ne. Mukarrama, shugabar kulob, ta kalle ni kawai.

Talata, 13 ga Mayu

Alhamdulillahi! Na tayar da ita da filashi mai Linux, na leƙa ciki. Aikinsu na nan, ko harafi bai ɓata ba. Na kwashe kwafi biyu. Sai dai manhajar ba ta tashi sai a kan Linux ɗin da muka shirya mata, kuma sake shirya wani sai kwanaki, da irin intanet ɗinmu.

Amma na zana musu a allo: gidan na nan, ƙofa ce aka toshe. Sun fahimta nan take. Darasin da ya fi kowanne daɗi a zangon nan. Wallahi na iya koyarwa.

Laraba, 14 ga Mayu

Na sake girka GRUB sau biyu. Ta ce an yi nasara. Na kunna, Windows.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sau na uku, haka. Ina goge gumi Mukarrama ta ce, "Malama, kin tambayi Baban abin da ya taɓa?"

Ta yaya? In kira malamina in ce me ka ɓata mini? Kyauta ya yi. Na ce mata ba a yi wa babba haka.

Loveth, wadda gwaggonta ke coci ɗaya da shi a Ikara, ta ce in ara mata waya. Na ba ta, ta kira shi. Gaisuwa kaɗai ta kai minti huɗu: gajiya, gwiwar Mama Agnes matarsa, ruwan shekaranjiya, ko an fara shuka. Sannan ta ce, "Baba, mun ga aikinka. Ka koya mana yadda ka yi mana."

Har inda nake zaune ina jin dariyarsa. Ashe bai goge komai ba. Saitin cikin na'urar ya shiga, inda jerin abubuwan da za ta fara tayarwa yake, ya fitar da sunan Linux daga jerin. "Danna F2 da sauri-sauri, 'yar gari, kamar kina koran kaji!" Yana faɗa, Loveth na maimaitawa, Mukarrama na warware abin da ya yi.

Baƙin shafin ya dawo. Shewar da suka yi sai da mataimakin shugaban makaranta ya leƙo.

Kwana uku ina fasa bango, alhali ga ƙofa. Hmm.

Juma'a, 16 ga Mayu

Mun gwada sau shida, lafiya lau.

Asabar, 17 ga Mayu

Na biyu muka zo, cikin makarantu goma sha ɗaya! Wani alƙali ya ga shafin ya ce ko kwamfutar ta lalace ne. Har na miƙe. Kafin in buɗe baki Mukarrama ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har da abin da za a fara dubawa in ya ɓace. Ya ce wa ya koya musu? Suka nuno ni. Na koma na zauna ina gyara mayafi, don idona ya ciko.

A mota suna ta waƙa har Makarfi.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kira Baba da kaina, na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "Ɗiyata, me ya hana ki tambaye ni tun ranar? Ni ma ai ban san abin ba." Ya ce in kawo masa yaran su nuna masa, don ya yi wa mutum biyu irin wannan ƙarin a watan jiya.

Za mu je Asabar. Su za su yi bayani, ni rakiya ce tawa.

Bayan an tashi na ce Loveth ta sake nuna mini wurin jerin nan, a hankali. Na rubuta a bayan littafina. Ba wai ban gane ba ne.