Yayana ne yake ɓata sunan daddawar garinmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Getso, da daddawa aka san garinmu. Kalwa ce zalla, kuma kowace mace sai ta dangwala babban yatsanta a tsakiyar curin, da wannan shaidar ake gane tamu a kasuwar Gwarzo da Kabo. Innata da sana'ar nan ta raine mu. To tun bara masu sari suka fara dawo da kaya, wai tamu ta lalace, ba ta ƙamshi a miya, har Hajiyar da ta fi shekara goma tana saye a wajen Inna ta daina aikowa.

Kwanaki na je Kano gidan yayana, sai na tarar da mata a tsakar gida suna dangwala yatsa a daddawar waken suya, ana ƙullawa a leda mai sunan garinmu. Da na yi masa magana sai ya hau ni da faɗa, wai shi ma a garin aka yanke masa cibiya, sunan gari ba gadon kowa ba ne, kuma masarar da muke ci da maganin hawan jinin Inna a tsadar nan daga ina nake zaton suke fitowa? Gaskiya ne, tun rasuwar Baba shi yake riƙe da mu.

Yanzu wani malamin gona ya ce ana iya yi wa sunan rajista, sai wadda aka yi a garinmu za ta amsa shi. Dagaci ya ce kafin nan duk wanda aka kama da algus kotun shari'a za a kai shi, matan garinmu kuma ni suka ɗora wa bincike tunda ina zuwa Kano.

In na faɗa na tona asirin ɗan uwana, in na yi shiru sana'ar matan gari guda ta mutu. Abin da ya fi cin raina, duk bayan sallah Inna sai ta ɗaga hannu ta yi Allah ya isa ga wanda ya yi musu wannan, ta juyo ta ce in ce amin. Yaya zan yi? In gaya mata ɗanta take yi wa baki?