Gicciye a Wuyan Hannu

Unguwar Dokki, Masar, Juma'a da dare.

Muna dawowa daga coci a jirgin ƙasa na metro, 'yata Hannatu ta ce tana so a yi mata zanen gicciye a wuyan hannu, irin na Kiristocin Masar, wanda ba ya goguwa har mutuwa.

Na ce, "Khalas, ya isa, kada in ƙara ji! Baɗi za mu koma gida. Kin manta ranar da aka tare mu a hanya lokacin rikici, ana tambayar kowa addininsa? Shirun da muka yi ne ya fitar da mu. Hannu kuwa ba ya shiru."

Ta dube ni. "Mama, ba ke kika koya mini sujada ita ce miƙa rai gaba ɗaya ba?"

Nawa gicciyen na sarƙa ne. Kafin mu shiga jirgi na cire shi na tura a jaka, kuma ta gani.

Ya Ubangiji, kullum ina cewa na ba ka komai. Ashe ban sa Hannatu a ciki ba. Ka yi haƙuri da ni, yau dai na kasa.