Hanifa da yawon alewa

31 ga Oktoba, da dare, unguwar Satwa a ƙasar waje

Yau yaran benenmu suka yi shigar dodanni suna bin ƙofa-ƙofa neman alewa. 'Yata Hanifa ta nace, na raka ta. Ina duba ko alewar halal ce, na ɗago babu Hanifa. Na hau, na sauka, ina ƙwala mata kira.

Ashe tana falon wata tsohuwa 'yar ƙasar Filifin, ta cire takalmi, ta durƙusa tana gaishe ta. Da Hanifa ta gan ni sai ta ce, "Umma, ba haka muke yi a Kano da sallah ba?"

Alhamdulillahi. Na kasa yi mata faɗa, ni na koya mata. Gobe zan koya mata tsayawa a bakin ƙofa ba tare da shiga gaisuwa ba, abin da mahaifiyata ke kira rashin tarbiyya.