Wayoyi Uku a Bayan Tebur

Yaya,

Kin taɓa ganin abu ya fita ta dama ya ɓullo ta hagu? Ni na gani, kuma ni na jawo.

Yi haƙuri, ban ko gaishe ki ba. Kina lafiya? Ya ɗinki, ya yara? Ki gaida maigidanki. Kawu kuma don Allah kar ki ce masa na rubuto.

Kin san aikin da Kawu ya samo min, shara da goge-goge a ofishin masu zanen gini. Babban mai zane kwamfutarsa ɗaya ce amma allonta uku. Na hagu na wasiƙu, na tsakiya na zane, na dama an kafa shi a tsaye kamar ƙofa. Yau da safe na leƙa bayan teburin, na ga wayoyi sun cukurkuɗe kamar zarenki in yara sun taɓa, ga datti. Na ce bari in nuna musu daga gidan tsafta na fito. Na zare su duka, na goge, na mayar. Ramukan nan uku da ake soka wayoyin iri ɗaya ne sak, wallahi ko ke ba za ki bambance su ba.

Da mai zane ya kunna, sai ga benen da yake zanawa a kwance. Wasiƙu sun koma tsakiya. In ya ja 'yar kibiyar nan ta fita ta dama, sai ta ɓullo ta hagu. Ya karkata wuya yana kallo, ya ce, "Wa ya taɓa min kaya?" Ina tsaye da tsumma a hannu na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Aka kira Injiniya, wani dattijo mai tabarau da ke kula da kwamfutocinmu. Ya buɗe wani baƙin shafi, ya yi ta rubutu, komai ya miƙe. Amma Yaya, wayoyin suna nan inda ba wurinsu ba. Ba za su ƙone ba kuwa?

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Ina fata kana cin abinci.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na san ka. Tun kana ƙarami in ka fasa kofi sai ka jera gutsattsarin ka rufe da faifai. Gobe ka je ka ce, "Ni na zare, ban sani ba ne." Wanda bai kai wata a wurin aiki ba, kuskure ba ya kashe shi. Kuma kar ka sake kai hannu bayan teburin nan. Ka ji ko? Kar ka sake.

Allah ya tsare.
Yayarka da ta goye ka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, amma ta same ni na riga na sake.

Talata na riga kowa zuwa, na ce bari in mayar da wayoyin wurinsu na asali, magana ta mutu. Mai zane ya kunna, bene ya sake kwantawa. Injiniya ya zo ya gyara. Na ce to ashe ban dace da ramukan ba, Laraba na sake juya su. Wannan karon allo ɗaya ya ƙi kawo komai, baƙi ƙirin.

Manaja ya fito gaban kowa ya ce wa Injiniya, "Malam, gyaran naka ba ya kwana? Kullum da safe sai mu tarar da shi ya mutu?" Suka yi dariya. Mai zane ya ce tabarau ɗin ne ke son gyara. Injiniya ya ja kujera ya zauna. Ya goge duk abin da ke cikin kwamfutar ya sake zubawa, bai ko tashi cin abinci ba. Na ji yana cewa a hankali, "Ko dai tsufa ne?"

Da na kai masa shayi ya ce, "Ɗan samari, zo ka gani, ko kai ka fi ni ido." Ya nuna min layuka uku. Ya ce kwamfuta ba ta san allo ba, rami ta sani. An rubuta mata ramin farko shi ne hagu, na biyu tsakiya, na uku a tsaye. Ya ce, "Kullum in daidaita rubutun, kullum in tarar kamar ramukan sun yi ƙaura. Shekara ashirin ban ga irin wannan ba."

Yaya, a nan na gane. Duk abin da ya ɗinke da rana, ni ke farke shi da safe. Na ɗauki farantin shayi zan fita. Har godiya ya yi min.

Manaja ya ce jibi za a kawo wani, Injiniya ya huta. In na faɗa ni za a kora, Kawu kuma da wane ido zai kalli Manaja, shi da ya ce ya tsaya min?

Auta

Auta,

Na gaishe ka, don dole ce.

Kunyar Kawu kake ji, ko taka? Kawu ya tsaya wa mai gaskiya ne, bai tsaya wa mai goge tebur ba. Dattijon nan yana zargin idonsa da ƙwaƙwalwarsa a kan abin da hannunka ya yi. In an kore ka, ga tabarma a ɗakina, ga dutsen guga yana jiran mai riƙe shi. In kuwa ka bari aka kore shi, ka zauna can, kar ka rubuto.

Yayarka

Yaya,

Ina kwana. Ki gaida yara.

Na faɗa wa Injiniya ɗazu a bakin matakala. Ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya ce, "Sau uku?" Na ce sau uku. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba ni ba ne." Wannan dariyar ta fi min mari ciwo.

Ya sa na durƙusa bayan teburin, na manna wa kowace waya takarda da hannuna, ɗaya, biyu, uku. Allunan duk sun miƙe. Sannan ya ce, "Ni ba zan kai ƙararka ba, jikana ya girme ka. Amma ba ni da abin da zan ce wa Manaja in ba sunanka a ciki. Sai ka duba." Ya ɗauki jakarsa ya zauna a benci.

Ki faɗa wa Kawu da bakinki, ni ba zan iya ba.

Ga motar Manaja nan ta shigo. Bari in je.

Auta