Gurmin Kawu Idi a Bikin Lyon

Asabar da dare, Bron

Kawu Idi ya kaɗa gurmi yau, karon farko tun rasuwar matarsa. Da ƙyar na janyo shi daga Paris zuwa bikin kiɗan gargajiyar Amurka da ake yi a nan Bron, kusa da Lyon.

Bayan wasa makaɗan suka zauna da'ira, suka matso masa kujera, aka fara kiɗa tare da shi. Ashe in jagoransu ya ɗaga ƙafa, ƙarshen kiɗa ke nan. Kowa ya tsaya, Kawu ya ci gaba shi kaɗai. Kunya ta kama ni, sai mai banjo, wato gurmin Amurkawa, ya bi shi a hankali.

A hanya Kawu ya ce, "Ɗiyata, na zaci ƙafar ce ke masa ciwo." Dariya har da hawaye. Alhamdu lillahi.

Sun gayyace shi dandali gobe. Maigidansa a kasuwar Rungis, can kusa da Paris, bai amsa roƙon hutun da ya aika masa ba tukuna.